Daga Godomey zuwa Olamfik: Darasin da Kano za ta ɗauka daga rayuwar Isabelle Yacoubou

Duk wanda ya taso a Yakasai ya san 'yar tafiya ce tsakaninmu da filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. A harabar filin akwai rufaffen ɗakin wasanni inda ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars ta yi shekaru tana karɓar baƙi, ta kuma ɗauki kofin ƙasa sau da dama. Samarin cikin gari da yawa a nan suka fara ganin yadda ake jefa ƙwallo a kwando, wasu a nan suka samu sana'a, wasu kuma ta nan suka samu gurbin karatu ko aikin ɗamara.

Amma in ka zauna ka lissafa 'yan matan Yakasai da Zango da Ƙofar Mata da suka taɓa taka dandamalin wannan ɗaki da sunan 'yan wasa, da wuya ka cika yatsun hannu. Kuma ba dogayen yara muka rasa ba. Kowane layi akwai yarinyar da ta fi sa'o'inta tsawo, wadda ake tsokana da "falwaya", har ta koyi tafiya a duƙe don kada a gan ta. A wata ƙasar, irin wannan tsawo shi ne jarin da ake nema ruwa a jallo.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne tarihin wata 'yar wasan Faransa da ta yi ritaya a 2024, wadda aka haifa a maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin. Sunanta Isabelle Yacoubou, wato Yakubu kamar yadda masu Faransanci ke rubuta shi. Rayuwarta ta nuna abu guda ƙarara: baiwa Allah ne ke bayarwa, kuma Ya baza ta a ko'ina, amma mayar da baiwa sana'ar da za a ci abinci da ita shekara 20 aikin hukuma ne da makaranta da iyaye. A nan ne muke da giɓi.

Wace ce Isabelle Yacoubou?

An haife ta ranar 21 ga Afrilun 1986 a Godomey, wani gari da ke manne da Kwatano. Tana yarinya ta yi suna a wasan jifan dalma, wato wanda ake cilla dunƙulen ƙarfe a auna nisansa. A 2003, tana da shekara 17, ta tafi Faransa ta shiga ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata ta garin Tarbes, a kudu maso yammacin ƙasar. Ba da jimawa ba ta samu takardar zama 'yar ƙasa, daga nan Faransa ta fara saka ta a ƙungiyoyinta na matasa, sannan babbar ƙungiyar ƙasa.

Tsawonta mita 1.90 ne, ga ƙira ga ƙarfi, shi ya sa 'yan kallo suka riƙa kwatanta ta da shahararren ɗan wasan Amurka Shaquille O'Neal. Gurbinta a fili shi ne ƙarƙashin kwando, inda ake turereniya da tsalle wajen cafke ƙwallon da ta ƙi shiga.

Ta yi shekara bakwai a Tarbes, ta kuma tafi da kofin gasar Faransa a 2010. Daga nan ta koma Schio ta Italiya, sai Ros Casares ta birnin Balensiya a Sifaniya, inda a 2012 suka ci kofin zakarun Turai, wanda shi ne mafi girma ga ƙungiyoyin mata a nahiyar. Ta buga wa Spartak a Rasha da Fenerbahçe a Turkiyya, ta leƙa gasar ƙasar Sin, ta sake komawa Schio. A 2019 ta dawo Faransa ta shiga ƙungiyar Bourges. A wannan tsakani ta haihu, ta yi jego, ta dawo fili, kuma a 2022 ita da Bourges suka haɗa kofi biyu: na gasar Faransa da kofin Turai mai daraja ta biyu. A shekarar ce ta koma Tarbes, inda ta fara, kuma a can ta rataye takalmanta a 2024.

A rigar ƙasa kuwa, tana cikin waɗanda suka ci wa Faransa kofin Turai a 2009 a ƙasar Latbiya. Sun samu tagulla a 2011, azurfa a 2013 da 2015. Babbar nasararsu ita ce lambar azurfa a gasar Olamfik ta Landan a 2012, inda Amurka ta doke su a wasan ƙarshe da ci 86 da 50. Bayan Olamfik ta Rio a 2016, wadda Faransa ta ƙare a mataki na huɗu, ta daina buga wa ƙasa ta ci gaba da wasan kulob.

Shekara 21 ke nan tana cin abinci da wasa guda. Lambobin yabon nan duka Faransa aka rubuta wa, Benin da ta haife ta sai alfahari daga nesa.

Abin da ta tarar a can

Mai karatu zai iya cewa ai Turai ce, kuɗi ne da su. Gaskiya ne suna da kuɗi, amma a duba girman garuruwan da ake magana. Mutanen Tarbes ba su wuce dubu arba'in da 'yan kai ba. Na Bourges kimanin dubu 65 ne. Ƙaramar Hukumar Birni da Kewaye kaɗai, wadda Yakasai ke cikinta, ta haura mutum 360,000 tun a ƙidayar 2006. Duk da haka Bourges ta ci kofin zakarun Turai na mata har sau uku, a 1997 da 1998 da 2001, Tarbes ma ta ci kofin Turai na Ronchetti a 1996. Ƙananan garuruwa ne da suka zaɓi wasa guda suka riƙe shi da gaske.

Tsarin nasu mai sauƙin fahimta ne. Yarinya tana farawa a kulob ɗin unguwa tun tana firamare, ƙarƙashin mai horarwa da ke da takardar shaida. In ta yi fice, sai a ɗauke ta zuwa cibiyar shiyya inda ake haɗa mata karatu da atisaye. Waɗanda suka fi kowa sukan wuce cibiyar wasanni ta ƙasa da ke Faris, wadda ake kira INSEP, inda irin su Céline Dumerc da Sandrine Gruda, abokan wasan Yacoubou a Landan, suka yi horo suna 'yan makaranta. Manyan ƙungiyoyi kuma kowace tana da sashen renon matasa, irin wanda ya karɓi Yacoubou. A saman duka akwai gasar ƙwararru ta mata da aka kafa a 1998, wadda ake bugawa mako-mako daga kaka zuwa bazara, da kwantiragi a rubuce, da albashi, da likita.

Wannan tsani ne ya sa yarinyar da ta zo daga jifan dalma ta zama gwarzuwar Turai cikin shekara shida. Shi ne kuma ya sa ta iya haihuwa ta dawo fili. Da babu shi, da tsawonta da ƙarfinta sun ƙare a labarin "akwai wata yarinya da muka sani".

Namu gefen

Babu mai musun cewa matan Najeriya sun iya ƙwallon kwando. Ƙungiyar ƙasa, D'Tigress, ta ci kofin Afirka a 2003 da 2005, sannan ta jera biyar ba tare da kowa ya karɓe ba: 2017, 2019, 2021, 2023 da 2025. A Olamfik ta Faris a 2024 sun doke Ostareliya da ci 75 da 62, sun doke Kanada da 79 da 70, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a ƙwallon kwandon Olamfik. Mai horar da su, Rena Wakama, ita ce mace ta farko da ta jagoranci wata ƙasa ta ci kofin Afirka na mata. Bayan sun doke Mali a wasan ƙarshe a Abijan a watan Agustan 2025, Shugaba Bola Tinubu ya ba su lambar girmamawa ta ƙasa, ya kuma yi wa kowace 'yar wasa alƙawarin dala 100,000 da gida.

Abin farin ciki ne, sai dai akwai gaskiyar da ba a cika faɗa ba. Da yawa daga cikin taurarin nan a Amurka aka haife su ko a can suka yi sakandare da jami'a, kuma a Turai suke wasan kulob. Ezinne Kalu da Amy Okonkwo da Promise Amukamara duk sun buga a gasar Faransa, wadda Yacoubou ta fito daga cikinta. Ma'ana, wasu ne suka yi noman, mu muka zo girbi. Muna godiya ga waɗannan yara da suka zaɓi rigar ƙasar iyayensu, amma ƙasar da ke jiran wasu su rena mata 'yan wasa ba ta gina komai ba tukuna.

Akwai misali guda da ya kamata ya tsaya mana a rai, wato Murjanatu Musa. A gasar cikin gida ta fito, a ƙungiyar Air Warriors ta Abuja, daga nan ta tafi Sifaniya, sannan ta sa rigar Tarbes ɗin da Yacoubou ta yi suna a cikinta, har a 2025 ta buga wa Phoenix Mercury a gasar ƙwararru ta matan Amurka. Suna ne irin wanda ake kira a tsakar gidajenmu. Ita kaɗai ta isa hujja cewa yarinyar da ta koyi wasa a filin siminti na Najeriya za ta iya kaiwa ƙarshen tsani.

Abin takaici, masu riƙe da wasan ba su taimaka ba. Rikicin shugabanci ya dabaibaye hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa tun 2017. A 2021 'yan D'Tigress sun fito a bidiyo suna kokawa kan alawus ɗinsu da ba a biya ba. A watan Mayun 2022 Gwamnatin Tarayya ta janye Najeriya daga wasannin ƙasa da ƙasa, kuma ko da yake an soke matakin bayan 'yan makonni, aikin gama ya gama: an ba Mali gurbin Najeriya a gasar cin kofin duniya ta mata da aka yi a Ostareliya a shekarar. Gasar mata ta cikin gida da bankin Zenith ya daɗe yana ɗaukar nauyinta kuwa, zango-zango ake yin ta na 'yan kwanaki, a taru a gari guda a buga a watse. Yarinyar da ke wasan gaske na 'yan makonni a shekara ba za ta kira shi sana'a ba, mahaifinta ma ba zai kira shi haka ba.

Ina Kano take?

Arewa ba baƙuwar wannan wasa ba ce. A Zariya Masai Ujiri ya taso, mutumin da ya shugabanci Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019, kuma shi da kansa yana yawan ambaton Koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya yi shekaru yana horar da yara a Jami'ar Ahmadu Bello. A ɓangaren mata an san Kada Angels ta Kaduna da Plateau Rocks ta Jos da Benue Princess. A nan Kano, ƙungiyar AHIP da Hajiya Mairo Bello ta kafa don wayar da kan matasa kan lafiya ta yi amfani da ƙwallon kwando wajen jawo yara, har ta fitar da AHIP Queens da ta wakilci Kano a gasar mata ta ƙasa. An kuma sha gudanar da zagayen shiyya na gasar makarantun sakandare ta Milo a ɗakin wasan Ƙofar Mata, maza da mata.

Wato harsashi yana nan. Inda igiyar ke tsinkewa shi ne tsakanin makaranta da kulob, musamman ga 'yar cikin badala. A yawancin makarantun 'yan mata na gwamnati, darasin motsa jiki a allo yake ƙarewa. Yarinya za ta haddace cewa tsawon fili mita 28 ne, faɗinsa 15, kwando kuma yana sama da ƙasa da mita 3.05, ta rubuta a jarrabawa ta ci, alhali ba ta taɓa riƙe ƙwallon ba. Inda aka yi sa'a akwai fili, za ka tarar simintin ya farfashe, ko an gina aji a kansa saboda cunkoso. Inda filin ke da kyau, babu malamar da ta iya wasan. Wadda ta samu duka ukun, da ta gama aji shida shi ke nan, babu inda za ta je.

Na san wata ƙanwarmu a unguwa da ta yi wasan a makarantar kwana. Kowane hutu da ƙwallonta take dawowa, tana buga ta a soro har a yi mata faɗa. Da ta kammala, mahaifinta bai hana ta ba, tambaya uku kawai ya yi: ina za ta riƙa zuwa, wa zai koya mata, kuma wa zai dawo da ita gida kafin magariba? Babu wanda ya iya ba shi amsa. Ƙwallon tana nan a saman kwaba, iska ta fice.

Damuwar iyaye gaskiya ce

Masu son ci gaban wasanni sukan yi kuskuren ɗaukar iyayenmu a matsayin waɗanda kansu bai waye ba. Wannan rashin adalci ne. Tambayoyin da uba ko uwa ke yi a Kano tambayoyi ne na wanda ya san darajar 'yarsa, kuma duk shirin da bai amsa su ba zai mutu tun a takarda.

Ta farko ita ce sutura. Shekaru da dama dokar hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta hana rufe kai a fili. Saboda haka ne ƙungiyar matan Ƙatar ta fice daga gasar nahiyar Asiya a 2014 da aka ce sai sun cire ɗankwali. 'Yan wasa Musulmi irin su Bilqis Abdul-Qaadir ta Amurka suka yi ta fafutuka, har a watan Mayun 2017 FIBA ta sauya dokar, sabuwar ta fara aiki ranar 1 ga Oktoban shekarar. Yau yarinya za ta iya buga wasan ƙasa da ƙasa kanta a rufe. A nan dole a faɗi cewa Faransar da muke yabon tsarinta ta gaza: hukumar ƙwallon kwandonta ta hana hijabi a gasanninta, kuma ƙasar ta hana 'yan wasanta sanya shi a Olamfik ta 2024. Don haka tsarin renon 'yan wasa za mu ɗauka a wurinsu, wannan kuwa mu bar musu kayansu. Kano ma tana da damar da za ta nuna wa duniya ƙungiyar da ke wasa a cikin cikakkiyar sutura tana kuma cin kofi.

Ta biyu ita ce cakuɗuwa da maza. Wannan ƙwallon kwando ta fi ƙwallon ƙafa sauƙin magance ta, domin a rufaffen wuri ake yin ta. Ana iya ware ranaku da sa'o'in mata zalla, da mace mai horarwa, da mata 'yan kallo. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Abin da ake tattaunawa shi ne wuri da yanayi da sutura, kuma duka ukun a hannunmu suke.

Ta uku ita ce tafiya. Har yanzu Kano ba ta warke daga abin da ya faru ranar 31 ga Mayun 2025 ba, lokacin da motar tawagar jihar da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun ta faɗa gadar Dakatsalle, sama da mutum 20 suka rasu. Allah Ya jiƙansu da rahama. Bayan wannan, duk jami'in da zai roƙi uwa ta ba shi 'yarta zuwa gasa a wata jiha, wajibi ne ya iya gaya mata wace mota za a shiga, direbobi nawa ne, a ina za a kwana, wace mace ce za ta raka su, kuma akwai inshora ko babu.

Ta huɗu ita ce karatu da aure. Ana ganin wasa yana cinye karatun yarinya, yana kuma jinkirta mata aure. Amsar karatu ita ce a ɗaure wasan da makaranta, duk wadda ta faɗi jarrabawa ta sauka daga tawaga har sai ta gyara. Amsar aure kuwa tana cikin tarihin Yacoubou kanta, wadda ta ci manyan kofuna biyu tana uwa.

Abin da ya kamata a yi

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2024, ana kuma gyaran makarantun 'yan mata ƙarƙashin shirin AGILE da Bankin Duniya ke tallafawa. Wannan ita ce gaɓar da ya kamata a shigar da filin wasa cikin lissafi. Makarantun cikin gari ba su da sarari, gaskiya ne, amma akwai nau'in wasan na mutum uku-uku da ake yi a rabin fili da kwando ɗaya, wanda ya shiga Olamfik tun gasar Tokiyo. Tsakar makaranta mai matsakaicin girma ta ishe shi. A fara da makarantun 'yan mata biyar ko shida a ƙananan hukumomin Birni da Dala da Gwale, a ga abin da zai fito.

Na biyu, a samar da masu horarwa mata. Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimin da ke Kano suna yaye ɗalibai mata a fannin motsa jiki da lafiya, da yawansu kuma suna ƙarewa da koyar da wani darasin daban. Hukumar wasanni ta jiha da ƙungiyar ƙwallon kwando ta jiha za su iya shirya musu kwas na 'yan makonni, a ba su takardar shaida da ɗan alawus. Tsofaffin 'yan wasan AHIP Queens da takwarorinsu suna nan a gari, wasu na zaune a gidajen aurensu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na uku, a ware wa mata lokaci a ɗakin wasan Ƙofar Mata, ko da safiyar Asabar da Lahadi ne, a kafa jadawalin a bango, a sa mata masu gadin ƙofa. Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi, umarni kawai yake buƙata.

Na huɗu, a kafa gasar makarantun 'yan mata ta jiha da za a riƙa bugawa mako-mako a tsawon zangon karatu, maimakon bikin kwana uku da ake yi don ɗaukar hoto. Kano ba ta rasa masu hannu da shuni ba. Attajirin Kantin Kwari ko Singa da zai iya raba buhunan shinkafa da azumi zai iya ɗaukar nauyin riguna da ƙwallaye da kuɗin motar makarantu goma, kuma sunansa zai zauna a bakin yara.

Na biyar, sunan Kano Pillars ya daina zama na maza kaɗai a wannan wasa. A samar da ƙungiyar mata mai ɗorewa, da kwantiragi a rubuce wanda uba zai karanta ya sa hannu, da albashin da ke zuwa kan lokaci, da kula da wadda ta ji rauni, da sharaɗin cewa aure ko haihuwa ba ya soke gurbin 'yar wasa.

Ranar da za a ajiye ƙwallo

Akwai darasi na ƙarshe a labarin Yacoubou, shi ne cewa wasa yana ƙarewa. Ita da ta daɗe ma ba ta kai shekara 40 ba ta sauka, kuma yawancin 'yan wasa ba sa yin rabin abin da ta yi. Gwiwa ɗaya in ta goce, an gama. A cikin yara ɗari da za su fara, wataƙila ɗaya ce ko biyu za su ci abinci da wasan. Duk wanda ya ce wa iyaye 'yarsu za ta kwaso dala, yaudararsu yake yi.

Sauran fa, me za su samu? Za su samu lafiyar jiki a garin da hawan jini da ciwon suga ke damun iyayenmu mata, waɗanda yawancinsu ba su da wurin motsa jiki sai tsakanin ɗaki da madafi. Za su samu dalilin zama a makaranta har su gama. Za su koyi aiki tare da bin doka da haƙurin shan kaye. Wasu za su zama malamai, wasu alƙalan wasa, wasu masu kula da raunin 'yan wasa, wasu kuma wasan zai buɗe musu ƙofar jami'a ko aikin kwastan da sauran hukumomin da ke da ƙungiyoyin wasa. Shi ya sa tun ranar farko ya kamata a gina shirin a kan takardar makaranta, ta yadda ranar da yarinya za ta ajiye ƙwallo tana da abin riƙewa.

Benin ta haifi Isabelle Yacoubou, amma Faransa ce ta ci moriyarta, domin a can aka tanadi fili da koci da gasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun da ake gano 'yar wasa kaɗan ne, daga 11 zuwa 16 galibi. Kowace shekara akwai rukunin 'yan matan da ke wuce wannan zango a lungunan Yakasai ba tare da kowa ya gwada su ba.

Ina kira ga Ma'aikatar Matasa da Wasanni da Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kano, da shugabannin makarantun 'yan mata, da masu unguwanni da malamanmu, su zauna a tebur guda su amsa tambayoyi ukun da wancan uba ya yi: ina za ta je, wa zai koya mata, wa zai dawo da ita gida. Ranar da aka samu amsarsu a aikace, iyaye da yawa za su ba da 'ya'yansu da hannu biyu. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace.